Yadda zaka riƙe kanka da sana'ar gilashi a Kaduna, har ka kai ga koyar da wasu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda bidiyon masu hura gilashin nan ya fara yawo a TikTok da Facebook, inda zakaga mutum ya zura dogon bututun ƙarfe a wuta ya ɗebo narkakken gilashi jajawur ya hura shi ya zama tulu, matasa maza da mata suke ta tambayata wai ta ina ake farawa, kuma wai mutum zai iya riƙe gida da wannan sana'ar a garin nan? Eh zai iya wallahi, amma ba ta inda bidiyon ya nuna maka zaka shiga ba. Murhun nan da kake gani zafinsa ya haura digiri 1000 kuma ba'a kashe shi dare da rana, watanni yake yi a kunne, toh ka lissafa kuɗin gas na wata ɗaya kawai a farashin yau zaka gane me yasa nake cewa wanda ya fara da nan zai cinye jarinsa tun bai sayar da kofi ɗaya ba. Tsarin da zai fisshe mu anan shine ka fara da aikin da baya buƙatar wuta, ka samu kwastoma, kuɗin kwastoman ne zai saya maka wuta, koyarwa kuma ta biyo baya bayan hannunka ya faɗa.

Kuma dan Allah ka cire a ranka wai aikin Turawa ne. Ka je Bida a jihar Neja ka tambayi unguwar Masaga, Nufawa ne da suka gaji aikin kaka da kakanni, da murhun ƙasa da itace da zuga-zugi suke narka gilashi su naɗe shi a jikin sandar ƙarfe su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. A da da kansu suke haɗa gilashin daga yashi da kanwa, yanzu yawanci kwalabe suke narkawa. A Ile-Ife ma masu tonon kayan tarihi sun gano a wani wuri da ake kira Igbo Olokun ana yin gilashi ana duwatsu da shi tun wajen ƙarni na 11. A Amurka kuwa sai a 1962 wani malamin jami'a mai koyar da ginin tukwane, Harvey Littleton, ya gwada ƙaramin murhu a garin Toledo don ya nuna mutum ɗaya zai iya aikin a ɗan shagonsa ba sai a masana'anta ba, kuma ta hanyar ɗalibansa abin ya bazu.

Farko dai ka koyi yanka

Ba makaranta zaka fara nema ba, shagon masu aluminiyam zaka nema, waɗanda suke haɗa tagogi da ƙofofi da shokes, suna nan a Panteka da kusan kowace unguwa daga Kawo har Sabon Tasha. Ka je da babbanka ya roƙi ogan ya ɗauke ka, ka yi ɗaukar kaya ka yi shara, abin da kake nema a wajen abu biyu ne: hannunka ya saba da gilashi tsoro ya fita, na biyu kuma guntayen da suke ragewa bayan sun yanka, waɗanda su damuwa ne a wajensu kai kuma jarinka ne na farko. 'Yar'uwa in zaman shagon bazai yiwu miki ba, ki sa a sayo miki guntayen luba da na taga a buhu, tebur ɗaya a tsakar gida ya isa, sai dai ki killace wurin yara kar su shiga da ƙafa ba takalmi.

Kayan da zaka saya basu da yawa. Abin yanka, wanda a shago ake ce masa daimon duk da yawancinsu 'yar ƙaramar taya ce ta ƙarfe mai tauri a bakinsa, sai rular ƙarfe, filaya, maka ta rubutu, ɗan kananzir a murfin kwalba, samfefa mai jure ruwa, tabarau na kariya, da tsohon bargo ko kafet da zaka shimfiɗa a tebur. Tabarau ɗin nan ba kwalliya bane, ɗan ɓarɓashi ɗaya in ya faɗa ido sai asibiti.

Ga yadda ake yi. Ka goge gilashin tas, ka tsoma bakin daimon a kananzir, ka tsaya a tsaye ba a zaune ba, ka dafe rula da hannun hagu, ka ja layi sau ɗaya tak daga wancan gefen zuwa wannan ba tsayawa. Zakaji wani sauti siriri mai daɗi kamar ana yaga sabon yadi. In kaji ƙarar ƙurji kuma kaga farin gari na tashi a kan layin toh ka danna da yawa, in bakaji komai ba baka danna ba. Kar ka taɓa maimaita layi, shi yake kashe daimon kuma shi yake sa gilashi ya tsage ta inda baka so. Daimon ba yanka gilashin yake yi ba, rauni kawai yake masa, kai ne zaka karya, kuma nan take zaka karya kar ka tafi shan shayi ka dawo. Ka sa fensir ko siririn katako a ƙarƙashin layin ka danna gefe da gefe, ko ka kawo layin daidai bakin tebur ka karya ƙasa da sauri. Ka yi ta yi, miƙaƙƙen layi har ka gaji, sannan lanƙwasa, sannan da'ira. Da'irar ita ce jarrabawa, ranar da ka fitar da da'ira mai kyau sau biyar a jere toh ka fara zama mai yanka.

Akwai gilasan da ba'a taɓawa, wannan ka haddace shi. Gilashin gefen mota da na manyan ƙofofin banki da kantuna an gasa su sun yi tauri, in ka sa musu daimon ko ka ce zaka huda su gaba ɗaya zasu tarwatse su zama tsakuwa. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya akwai dalma a cikinsa, dogon ƙwan lantarki fari kuma akwai sinadarin makuri mai guba, in 'yan gwangwan sun kawo maka su ko kyauta ne ka ce ka gode.

Abin da zaka fara sayarwa

Kwalba ita ce mafi arha. Banda kwalaben lemo da ake mayar wa kamfani, ka nemi na man zaitun da na mayonis da na jus masu tsada da ake bari a wuraren biki, ka yi magana da masu kula da zauren taro su dinga tara maka. Ka jiƙa su a ruwan omo takardar ta fita. Ka sa kafinta ya haɗa maka katako biyu kamar kusurwa, a ɗaure daimon a jikin ɗaya yadda in ka kwantar da kwalba kana juya ta layin zai zagayo ya haɗu da inda ya fara. Bayan ka ja layin sai ka dinga tsiyaya ruwan zafi a kansa kana juyawa, sai na sanyi, sai na zafi, a hankali zakaji ƙas ta rabu biyu. Wasu zasu fashe ba daidai ba musamman masu kauri ta gefe ɗaya, wannan dole ne, ka saka shi a lissafi.

Inda ake gane mai sana'a da ɗan koyo shine bakin. Ka shimfiɗa samfefa a kan wani gilashi mai faɗi ka zuba ruwa, ka kifa kwalbar kana zagayawa da ita, ka fara da lamba 80 ko 120 har bakin ya daidaita, sai 220, sai 400, sai 600, kuma ka ɗan kashe kaifin ciki da na waje. Da ruwa ake yi koyaushe, ƙurar gilashi ba abar shaƙa bace. Ka gwada da leɓenka kafin ka ba wani, abin da bazaka iya shan ruwa da shi ba kar ka sayar a matsayin kofi. Daga nan zaka samu kofuna da mazubin fure da gidan kyandir da murfin ƙwan lantarki, amma ni a ganina babbar kasuwa a nan Arewa tana wajen mata masu turaren wuta da humra, kullum suna neman mazubi mai kyau da zai bambanta kayansu da na wasu, in ka iya zana sunan sana'arsu a jikin kwalba kun ƙulla ciniki na shekaru.

Zanen shine mataki na gaba kuma nan kuɗin yake. Masu buga bana suna da injin yanka sitika, ka kai musu zanenka su yanka, ka manna a gilashi ka ciccire inda kake so ya yi fari, sannan a feshe shi da iska mai ƙarfi da gari daga kwamfuresa, inda sitika ta rufe ya zauna garau inda ke buɗe ya yi hazo-hazo. Ina roƙonka da Allah kar ka yi feshin nan da yashin rafi don yana arha, ƙurar yashi in ta shiga huhu bata fita, ciwon da take kawowa ba'a warkewa kuma sai bayan shekaru yake bayyana. Garin alminiyam oksaid ake amfani da shi, a cikin rufaffen akwati mai taga, da takunkumi na gaske mai matata ba irin na asibiti ba. Akwai kuma wani kirim da ake shafawa ya ci fuskar gilashi, yana aiki a ƙananan kaya amma da safar hannu ta roba da tabarau, ruwan asid ɗin da ake kira haidirofulorik kuwa ko an ce maka yafi sauri kar ka kusance shi, yana ratsa fata ba tare da kaji zafi nan take ba kuma yana iya kisa.

Da wannan zaka yi madubin amarya mai suna, allon lambar yabo na makarantu da ofisoshi, teburin falo, ƙofar kabad. Zanen da yafi tafiya namu ne na gida, dagin Arewa, zayyanar bangon gidajen Zariya da Kano, aska takwas ta babbar riga, waɗannan ba wanda zai shigo da su daga Chaina. In aya ce ko addu'a zaka rubuta ka kai wa malami ya duba maka wasulla da ɗigo kafin a yanka sitikar, don abin da ka zana a gilashi baya gogewa, in kuma ta baya zaka zana ka tuna a juye ake yanka rubutun. Guntayen da rubutu ya lalace a kansu ka san inda zaka killace su, ba bola ba.

Sai tagogi masu launi. Garin nan namu masallatai ne da coci-coci ko ta ina, ta Arewa da ta Kudancin kogi, duk suna gini kullum kuma duk suna son gilashi mai launi, kar ka ware kowa. Yawancin abin da ake sa musu fenti ne ko leda da aka manna, shekara kaɗan rana ta cinye shi. In fenti zaka yi ka gaya wa kwastoma gaskiya cewa fenti ne. Na ainihin kuwa gilashin ne da kansa mai launi, ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a naɗe gefen kowanne da siririn tef na tagulla, a liƙe su da dalmar liƙi irin ta masu gyaran rediyo, wadda kashi 60 kuza ce kashi 40 dalma. Mu 'yan Arewa ba sai an mana dogon bayani kan dalma ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ba'a cin abinci ko goro a teburin aikin, ka wanke hannu da sabulu, kayan aikin su kwana a shago, mai ciki da yara kar su zauna a wurin.

Maganar kuɗi

Mutanenmu da yawa hannu na da kyau amma lissafi ne ke kashe su. Ka sayi littafi tun ranar farko. Kowane aiki ka rubuta kuɗin gilashi, sitika, samfefa, man janareto, kuɗin Keke, awa nawa ka yi a kansa, sannan ka ƙara wani abu na fashewa tunda gilashi ne, sai riba. Lokacinka kuɗi ne, in baka saka shi ba kana yi wa mutane aikin gayya ne kana zaton ciniki kake. Aikin da aka sa suna a kansa ba'a fara shi sai an bada kafin alƙalami aƙalla rabi, ko ɗan'uwanka ne, don madubin da aka rubuta sunan wata amarya ba mai sayensa in an fasa karɓa. Ka tura zanen ta WhatsApp mutum ya rubuta maka ya amince kafin ka taɓa gilashi.

Ka yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe akawun daban da na cefane, makarantu da ofisoshi basa son tura kuɗi akawun mai sunan mutum. Hoto kuwa ka ɗauka da hasken safe ko na yamma a bakin taga, hasken ya biyo ta baya ko ta gefe, filasha na kashe kyan gilashi. Ɗan bidiyon hannunka yana yanka yafi hoton kaya goma jawo mutane. Ka kai samfur wajen masu kayan ɗaki da masu shirya biki da masu zanen gidaje, in lokacin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna ya zo a filin nan na hanyar Zariya ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku kama rumfa ɗaya. Wajen aikawa, gilashi mai faɗi a tsaye ake ɗaukarsa ba a kwance ba, da kwali a kusurwoyi, kuma ka je tasha da kanka ka ga inda direba ya ajiye shi.

Yanzu sai wuta

Idan odoji sun fara zuwa har ka tara wani abu, toh lokacin wuta ya yi, kuma nan ma daga ƙasa za'a fara. Mutanen Krobo na ƙasar Gana suna da hanyar da ta dace da mu sosai tunda bata buƙatar lantarki: su daka kwalba ta zama gari su tankaɗe, su zuba a 'yan ramukan mazubin yumɓu da aka shafe da farar ƙasa, su soka ɗanyen tsinken ganyen rogo a tsakiyar kowane rami, su gasa a murhun ƙasa da itace. Tsinken ya ƙone ya bar ƙofar zare, garin ya haɗe ya zama dutsen wuya, in ya huce su goge shi a kan dutse da yashi da ruwa. Farar ƙasar ita ke hana gilashi kama mazubi, kuma muna da ita, Ƙanƙara a jihar Katsina ta yi suna da ita. Wajen dakan ka jiƙa kwalaben ko ka daka a rufaffen bututun ƙarfe da takunkumi, kuma turmin ba na girki ba. Da wannan zaka yi sarƙa da abin hannu da carbi.

Bayan shi sai tanderu, wanda 'yan jami'a ke ce wa kilin. Na lantarki yafi sauƙin sarrafawa amma yana son wuta tsayayya ta awanni da yawa, in aka ɗauke ana tsakiyar aiki an yi asara, shi yasa da yawa gara su gina na gas da bulo mai riƙe zafi, masu aikin tangaran sun iya gina shi ka neme su. Ko wanne ka zaɓa, ma'aunin zafi mai waya da ake sokawa ciki dole ne, ido baya auna digiri. A cikinsa zaka kwantar da kwalba ta baje ta zama faranti a wajen digiri 750 zuwa 800, ko ka ɗora gilashi kan mazubi ya lanƙwasa ya zama kwano, ko ka haɗa guntaye su narke su zama abu ɗaya, gilashin taga yana son ya haura 800 kafin ya haɗe sosai.

Abu biyu ne suke fasa wa mutane kaya a nan, kuma su ne ainihin ilimin sana'ar. Na ɗaya, ba kowane gilashi ke zama da ɗan'uwansa ba. Kowanne akwai yadda yake buɗewa in ya ji zafi da yadda yake tsukewa in ya huce, in ka narka koriyar kwalba da gilashin taga wuri ɗaya zasu haɗe da kyau a wuta, wajen hucewa wannan na ja wancan na ja sai tsagewa. Masu sayar da gilashin ado suna sa masa lamba, zakaga 90 ko 96 ko 104, na ɗakin gwaje-gwaje mai jure zafi kuma 33, ba'a haɗa lamba da wata lamba. Kwalabe basu da lamba a jiki, don haka dokar ita ce kwalba ɗaya aiki ɗaya, ko aƙalla iri ɗaya na kamfani ɗaya, taga kuma daga falle ɗaya.

Na biyu shine hucewa, kuma in duk abin da na rubuta zaka manta toh banda wannan. Gilashi in yana hucewa bayansa ne ke fara daskarewa cikinsa na nan da zafi, in aka bari ya huce da sauri sai wani ɗauri ya maƙale a cikinsa wanda ido baya gani, kayan zai fito lafiya ka sayar, bayan sati biyu yana ajiye a falon Hajiya ba wanda ya taɓa shi ya tsage, sunanka ne ya tsage ba farantin ba. Maganinsa shine a tsayar da zafi a inda gilashin yake sakin jiki, na kwalba da taga wajen digiri 540 zuwa 550, a riƙe shi a nan. Misali abu mai kaurin milimita 6: ka hau a hankali kamar digiri 150 zuwa 200 a awa har ka wuce 550, ka ƙarasa zafin da kake so ka riƙe minti goma zuwa ashirin, ka sauko da sauri zuwa 550 ka zauna awa guda, sannan ka dinga sauka kamar digiri 50 zuwa 60 a awa har ƙasa da 400, daga nan ka kashe ka bar ƙofar a rufe sai ya huce da kansa har ka iya taɓawa da hannu. In kauri ya ƙaru lokacin ma ƙaruwa yake sosai. Ranka zai yi ta ce maka leƙa, kar ka leƙa, balle da hunturu da iska mai sanyi ke kaɗawa, buɗewa ɗaya ta isa. Ka kashe wutar da yamma ka tafi gida ka dawo da safe shine kwanciyar hankali.

Akwai gwajin da zaka yi kyauta. Ka buɗe farin shafi a laftof, ka ɗora gilashin a gaban allon, ka duba ta cikin tabarau ɗin rana irin na direbobi mai kashe ƙyalli kana juya shi har allon ya yi duhu, inda ɗauri yake zakaga yana haske ko yana launi-launi musamman ta gefe da inda launi biyu suka haɗu. Wanda ya haska da yawa kar ya bar shago. Kuma kowane gashi ka rubuta shi a littafi, wane gilashi, wane zafi, minti nawa, me ya fito, don tanderunka ba irin na kowa bane, littafin nan nan gaba shine zai zama abin da zaka koyar.

A wannan matakin ne ya kamata ka nemi ƙarin ilimi. Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ana karanta fasahar gilashi a matakin digiri, daga Kawo zuwa Zariya kuma ba nisa, ko bazaka yi digirin ba ka je ka gaisa da malamai da ma'aikatan ɗakin aikin ka yi tambaya cikin ladabi. Ka shirya ka je Bida ka zauna kwanaki, ka je da goron gaisuwa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka sayi kayansu da daraja, gadonsu ne ba abin kallo ba. Gidan tarihin gilashi na Corning a Amurka kuma suna saka dogayen bidiyon ƙwararru suna aiki a YouTube kyauta, ko baka jin Turanci hannu zaka kalla.

Koyarwa

Ciniki yana hawa yana sauka, lokacin bukukuwa da ƙarshen zangon makarantu ka rasa lokacin barci, wani watan kuma shiru, koyarwa ita ce take cike wannan giɓin. Amma kar ka buɗe aji don ka kalli bidiyo wata biyu, wannan cin amana ne, abu ne mai kaifi da wuta da guba kake miƙa wa ɗan wani. Ma'aunina shine in ɗalibi ya kawo maka abin da ya fashe ka kalli tsagewar ka gaya masa dalili, yanka ne ko haɗi ne ko hucewa, toh ka isa koyarwa.

Ka fara da mutum huɗu zuwa shida, fiye da haka idonka bazai kai kan kowane hannu ba. Ranar farko ba'a yin kaya, ranar dokoki ce da yanka: takalmi rufaffe, tabarau a ido, ba'a share tebur da tafin hannu sai da buroshi, in gilashi ya suɓuce a matsa a barshi ya faɗi ba'a cafkewa, mata su ɗaure mayafi da hijabi ta baya in za'a je kusa da wuta ko injin da ke juyawa. Akwatin filasta da auduga da ruwa mai tsafta na wanke ido su kasance a inda kowa ke gani. Ka nuna sau ɗaya a hankali kana bayani, ka sake nunawa shiru, sannan ka miƙa daimon ka koma bayan ɗalibi ka riƙe hannunka. Wannan riƙe hannun yafi komai wuya ga malami, zakaga yana shirin ɓata gilashi ranka na so ka karɓe, barshi ya ɓata, guntu ne, a nan zai koya. Wanda ya tsorata bayan ya yanke yatsa ka ɗaure masa ka sa ya ja wani layin kafin ya tafi gida, in ya kwana da tsoron da wuya ya dawo. A rana ta biyu kowa ya tafi gida da wani abu da ya yi da hannunsa ko da ƙaramin madubi ne, shi zai nuna a gida kuma shi zai kawo maka ɗalibai na gaba.

Kuɗin aji ya haɗa da kayan da za'a ɓata, kuma a biya kafin a fara. Ke 'yar'uwa kina da damar da maza basu da ita, akwai matan aure da 'yan mata da yawa a Tudun Wada da Rigasa da Unguwan Rimi da suke son sana'ar da zasu yi a cikin gida kuma baza'a barsu su je shagon namiji ba, ajin mata zalla ranar Asabar da Lahadi zai cika. Makarantu ma suna neman abin da yara zasu yi a dogon hutu, sai dai ƙananan yara ba'a basu daimon, guntaye masu launi da ka riga ka goge musu baki zaka basu su manna a katako su fitar da zane. In kana son takardar da hukuma ta sani, NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, tana da ofis a nan cikin Kaduna kuma su ke kula da tsarin shaidar ƙwarewar masu sana'ar hannu da ake kira NSQ, ka je ka tambayi yadda mai sana'a irinka zai shiga, takardar tana taimakawa ranar da wata ƙungiya ko gwamnati ke neman wanda zai horar da matasa.

Yaron shago kuwa daban yake da ɗalibin aji. Ku zauna da iyayensa a rubuta shekara nawa zai yi, me zaka koya masa, kuɗin abinci da na mota nawa, yaushe za'a yaye shi. Kar ka mayar da shi ɗan aike shekara uku bai taɓa tanderu ba, kuma kar ka ɓoye masa lissafin hucewa don tsoron zai ƙwace maka kasuwa, in ya fita yana sayar da kayan da ke fashewa mutane bazasu ce wane ne bai iya ba, cewa zasu yi kayan gilashin gida basu da ƙarko, kai ma ya shafe ka. Ranar yaye ka bashi daimon da filaya da tabarau nasa, ka barshi ya kwafi littafin gashinka, ka bashi damar kawo kayansa ya gasa a tanderunka yana biyan kuɗin gas har ya gina nasa, ƙananan odojin da suka maka yawa ka dinga tura masa, kuma in zaku sayo gilashi mai launi ko tef ɗin tagulla daga Legas ku haɗa kuɗi ku yi oda ɗaya, kuɗin mota sai ya ragu wa kowa.